Daga Yamai zuwa ƙasar Kurfai: motar da ta iya gudu, ta iya tsayawa?

Kaɗan ne daga cikin matasan yau suka san cewa ƙasar Kurfai ta taɓa shiga tarihin tseren motoci na duniya. A cikin watan Janairu na 1979, gasar Paris-Dakar ta farko, wadda Bafaranshen nan Thierry Sabine ya ƙirƙiro, ta sauko daga Agadas ta biyo ta Tawa, aka ƙidaya wa ƴan tsere lokaci tun daga Tawa har zuwa Talco, wani ƙauye da ke arewa da Filinge, kafin su miƙe zuwa Yamai. Motoci da babura 182 ne suka tashi daga birnin Paris ran 26 ga watan Disamba 1978, amma 74 kawai suka ga Dakar. Daga baya manyan kamfanoni suka shigo: Porsche ta ci gasar a 1984 da 1986, Peugeot kuwa ta riƙe ta shekara huɗu a jere, daga 1987 zuwa 1990. Tun da aka soke ta 2008 gasar ta bar Afirka. Ta koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020.

Ƙurar ta daɗe da lafawa, amma ta bar mana gado guda, wato sha'awar motar gudu. In ana cinikin mota a Yamai, tambayar farko ita ce lafiyar inji, ta biyu shan mai, ta uku takardun duwan. Da wuya ka ji mai saye ya tambayi yaushe aka sake man birki. Tafiyar da za mu ba ku labarinta a wannan mako ta nuna mana cewa wannan tambayar da ake mantawa ita ce ya kamata ta zo a gaba.

Tsofaffin ƴan ƙwalisa

Wanda ya san lungunan Yamai ya san ba a rasa irin waɗannan motoci masu ƙofa biyu, gajeru, masu dogon hanci, a gidajen tsofaffin ma'aikata da wasu alhazai. Wasu Turawa ne suka ƙetaro hamada da su a shekarun 1970 da 1980 suka sayar a Arlit ko Agadas ko Yamai, wasu kuma ta tashar jirgin ruwan Kwatano suka shigo. Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce Peugeot 504 mai ƙofa biyu, wadda ta fito a 1969, kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana jikinta, kuma da irinta mai silinda shida ne Jean-Pierre Nicolas ya ci gasar Safari ta Kenya da ta Bandama ta Kodibuwa a 1978.

Mota irin wannan kan yi wata da watanni a ajiye cikin rumfa, ba a fito da ita sai ranar salla ko ɗaurin aure. Mai ita yana ganin hutu yake ba ta, alhali zaman nan shi ke cin birki: roba na bushewa, ƙarfe na tsatsa, mai na shan raɓa. Ga kuma halin da karyewar darajar Sefa ta watan Janairu 1994 ta koya mana, lokacin da kuɗin kayan gyara na waje ya ninka dare ɗaya: abin da ya hana mota tashi shi ake gyarawa, abin da bai hana ta tashi ba sai a ce a bari sai an ɗauki albashi. Birki kuwa bai taɓa hana mota tashi ba.

Irin wannan mota ce, ƙirar Turai, mai shekaru sama da arba'in, wani dattijo abokin mahaifina, tsohon ma'aikaci ɗan asalin Kurfai, ya fito da ita a bazarar da ta wuce don zuwa ta'aziyya Cikal, ya kuma ce in raka shi. Mun bar Yamai ranar Lahadi da hantsi, domin tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jahar Tilaberi a 2017, mai hankali ba ya son dare ya riske shi a kan waɗannan hanyoyi, balle a ce mota ta mutu masa a daji.

Cikin Dallol Boso

Tsakanin Yamai da Filinge akwai wajen kilomita 180 bisa hanyar ƙasa mai lamba 25. Bayan Hamdallahi hanyar na ratsa tudu mai jan dutse da sabara, sai kusa da Balleyara, wajen kilomita ɗari daga Yamai, ƙasa ta buɗe, matafiyi ya gangara cikin Dallol Boso. Wannan kwari tsohon kogi ne da ya ƙafe tun dubban shekaru. Ya taso daga Azawak ya nufi kudu har ya tarar da kogin Kwara. Ruwan bai tafi duka ba, ƙasa ya shige, shi ya sa rijiyoyin dallol ba su da zurfi, shi ya sa kuma gawo da goriba suke tsaye kore a lokacin da tudu ya ƙone ƙurmus.

Lahadi ce ranar kasuwar Balleyara, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na ƙasar nan. Buzaye da Fulani da Zabarmawa da Hausawa, raƙuma da shanu, amalanken jakuna ɗauke da tabarmi da gadajen kara, duka a kan kwalta ɗaya. Mun yi kusan rabin awa muna tafiyar hawainiya, ƙafar Alhaji ba ta sauka daga birki ba. Da muka fita garin sai wani ƙauri ya fara shigowa ta taga, kamar an ɗora tsumma a garwashi, sitiyari kuma yana ɗan jan hannu zuwa dama. Alhaji ya ce:

— Ɗana, ƙaurin masu tsire ne ya biyo mu, jan kuma iskar taya ce.

Muka ci gaba. Muka ratsa ƙasar Tondikandiya, inda aka haifi Janar Seyni Kountché a Fandu a 1931, muka wuce Bonkuku ta ƙasar Imanan, wadda ta yi suna wajen noman dankalin turawa. Zafi ya haura digiri 40, kwalta na walƙiya kamar an zuba ruwa.

Saura ƴan kilomitoci mu shiga Filinge, sai ga garken shanu ya fara ƙetare hanya, wani yaro makiyayi da bai wuce shekara goma ba yana biye da sandarsa a kafaɗa. Alhaji ya taka birki, feda ta tafi har ƙasa kamar ya taka auduga. A nan ne tsufa ya yi rana. Bai kashe inji ba, bai kuma fizgi sitiyari ba. Ya yi ta harba feda da sauri, ya sauko da giya daga ta huɗu zuwa ta uku, daga ta uku zuwa ta biyu, sannan ya ja birkin hannu sannu a hankali, yatsansa a kan maɓallin don kada tayun baya su ƙulle. Motar ta tsaya cikin rairayin gefen hanya, tsakaninmu da yaron bai fi tsawon igiyar guga ba. Yaron ya dube mu ya wuce abinsa, bai san abin da Allah ya tsare ba.

Bayan mun yi rabin awa a inuwar gawo, Alhaji ya sake taka feda, sai ga ta ta dawo da tauri kamar ba abin da ya faru. Mai karatu ya riƙe wannan da kyau, domin nan ne tarkon yake. Birkin da ya ɓace da zafi ya dawo da sanyi bai warke ba, laɓewa ya yi, kuma zai sake ɓacewa a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Da giya ta biyu muka lallaɓa muka shiga gari.

A garejin bakin tasha

Filinge na zaune a gindin duwatsun da suka yi wa dallol katanga, kuma ita ce babban birnin ƙasar Kurfayawa. Kusa da tasha muka sami wani makaniki mai furfura, wanda ya ce a Kaduna ya koyi aiki, zamanin da ake harhaɗa 504 a can. Garejin nasa rumfar kara ce, da akwatin ƙarfe, da yara biyu. Abin da ya burge ni shi ne bai taɓa sifana ba sai da ya gama tambaya: yaushe abin ya faru, da sanyi ko da zafi, feda ta yi laushi ne ko ta yi tauri, mota na ja gefe, an ji ƙauri, yaushe rabon a sake mai. Da Alhaji ya ce shi dai ƙarawa yake yi in ya ragu, sai mutumin ya girgiza kai ya ce:

— Alhaji, Allah ya ja kwana, ƙari daban, sakewa daban.

Daga nan ya bi aikin daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kuma tsarin da ya bi ya cancanci kowane mai tsohuwar mota ya haddace shi.

Da fari ya buɗe ƴar robar man birki, wanda makanikanmu ke kira da sunan kamfanin Lockheed. Man bai ragu ba, ke nan ba yoyo a waje. Duk da haka ya leƙa bayan kowace taya da ƙarƙashin feda don ya tabbata babu danshi. Amma launinsa, maimakon ya zama garau kamar man gyaɗa, ya yi baƙi kamar shayin farko.

Na biyu, inji a kashe, ya harba feda sau biyar ko shida har ta yi tauri, ya danne ta, ya ce a tada mota. Feda ta ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarsa. Wannan, in ji shi, alama ce tulun iskan nan da ke taimaka wa ƙafar direba yana da lafiya. Da ya mutu, da feda ta tsaya ƙiƙam kamar dutse, sai mutum ya miƙe tsaye a kanta kafin mota ta tsaya.

Na uku, ya danne feda da ƙarfi daidai wa daida na kusan rabin minti. Ba ta motsa ba. Da ta yi ta sulalewa ƙasa a hankali alhali ba yoyo a waje, to da robobin cikin babban famfon birki ne suka cinye, mai na zagayewa ta bayansu. Da kuma ta yi laushi kamar soso tun da sanyi, tana tauri in an harba, to iska ce ta shiga tiyo.

Na huɗu, ya sa yaro ya zaga da motar sau ɗaya, sannan ya bi tayu huɗu yana kusantar da bayan hannunsa ga kowane ƙarfe ba tare da ya taɓa ba. Uku ɗumi kawai suka yi. Ta gaba ta hannun dama kuwa kamar tanda. Aka ɗaga motar, ya taka birki ya saki, ya juya tayar da hannu, ta ƙi juyawa. Sai ya kwance ɗan ƙusar fidda iska da ke jikin maƙatar da ke matse faifan birki. Mai ya yi tsartuwa, nan take taya ta saki.

— Kun gani? Da maƙatar ce ta ci tsatsa ta ƙage, ko na kwance wannan ba za ta saki ba. Tiyon roba ne ya ruɓe ta ciki.

Ya yi mana bayani cewa tiyon da ke kai mai ga taya yana iya zama lafiya lau a ido, amma cikinsa ya kumbura ya toshe. In direba ya taka, ƙarfin ƙafa na tura mai ya wuce. In ya saki, man ba ya samun hanyar komawa, sai birkin wannan taya ya zauna a kame. Tun daga cunkoson Balleyara, ke nan, tayar tana tafe tana gugar faifai, zafi na taruwa. Ƙaurin da muka ji da jan da sitiyari ke yi, duka motar ce ke kai ƙara.

Abin da ke faruwa cikin tiyo

To me ya sa kamewar taya ɗaya ta ɓatar da birki baki ɗaya? Amsar na cikin man. Birki na aiki ne domin ruwa ba ya matsuwa: abin da ƙafa ta tura a nan, shi ke isa can. Tururi kuwa yana matsuwa. Man birki na yau da kullum yana da halin shan danshin iska, ko da mota na ajiye. Bisa ƙa'idar da ake rubutawa a jikin gwangwani, sabon mai na DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, na DOT 4 kuwa 230. Amma in ya sha ruwa kusan kashi 4 cikin ɗari, ƙa'idar na saukowa zuwa 140 ga na farko, 155 ga na biyu. Man da ya shekara goma ana ƙara masa sabo bisa tsoho, zafi kaɗan ya ishe shi. Da ya tafasa a bayan tayar da ta yi zafi, sai tururi ya cika wurin, feda ta tafi ƙasa tana matsa iska. Da ya huce, tururin ya koma ruwa, birki ya dawo. Shi ya sa masu ƙera motoci ke cewa a zubar da man duka a sa sabo kowace shekara biyu.

Abin lura shi ne daga fagen tsere ne birkin faifai ya yi suna, tun ranar da Jaguar ta ci gasar awa 24 ta Le Mans da shi a 1953, saboda ya fi na ganga saurin hucewa. Ƴan tsere sun daɗe da sanin cewa wanda ya amince da birkinsa shi ke iya gudu. Mu mun ɗauki gudun mun bar rabin darasin. Lissafin kuwa ba wuya: motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a daƙiƙa ɗaya, tun kafin ƙafar direba ta kai ga feda, kuma in gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke bukata ya ninka huɗu.

Kwana a Kurfai

Tiyon irin wannan mota ba a samunsa a Filinge. Aka yi waya Yamai, aka ce za a ba direban motar kasuwa ya zo da shi washegari; makanikin ya nace a sayo guda biyu, domin tagwaye ne, ranar haihuwarsu ɗaya, tsufansu ɗaya. Mu kuma muka shiga wata motar zuwa Cikal, wadda ke gabas da Filinge ba nisa, cibiyar gundumar Kurfai ta Tsakiya.

Ƙasa ce ta gero da wake, ta rumbunan ƙasa da gonaki masu rairayi, inda hanya ke bin sawun amalanke, kuma kusan kowane gida na da ɗa a bakin teku yana ci-rani. A wajajen nan ne, cikin 1925, aka fara jin labarin bori na Babule, wanda Zabarmawa ke kira Hauka, ta hannun wata mata mai suna Shibo, har hukumar mulkin mallaka ta kame mabiyansa. Iskokin nan suna kwaikwayon masu iko na zamanin Nasara ne, kuma a cikin fim ɗin da Jean Rouch ya ɗauka a kansu a Ankara ta Gana, wanda ya fito a 1955, har da mai suna Mai-Mota. Ashe tun tuni mutanen wannan ƙasa suka gane cewa wanda ke riƙe da sitiyari yana riƙe da wani iko a kan rayukan jama'a. A wurin ta'aziyyar, da labarin abin da ya same mu ya bazu, kusan kowane dattijo sai da ya kawo nasa: wanda motar kasuwa ta kashe wa sa, wanda ɗansa ya karye a gangare, wanda ya ga an ɗura ruwan sabulu a robar birki don a kai gari.

Washegari da la'asar kaya suka iso. Aka sake tiyo biyu na gaba, aka sake takalman birkin gaba na tayun biyu domin na dama sun ƙone sun yi santsi kamar kwalba, aka zuƙe tsohon mai, aka zuba sabo daga gwangwani mai hatimi. Sannan aka fidda iska taya bayan taya, an fara da wadda ta fi nisa da babban famfo, yaro na harba feda yana dannewa, maigidansa na kwancewa yana ɗaurewa, har sai da mai ya fito garau ba kumfa. Bai karɓi kuɗinsa ba sai da ya gwada motar a fili, ya tabbata tana tsayawa a miƙe, ya kuma sake jin zafin tayu huɗu.

Kira ga masu motoci da magabata

Ga ɗan kasuwa mai ɗora kaya fiye da kima, da ma'aikacin da ke jiran ƙarshen wata, ga abin da za a riƙe. Feda mai laushi, iska ce ko tsohon mai. Feda mai sulalewa, babban famfo ne. Feda mai taurin dutse, tulun iska ne. Mota mai ja gefe da taya mai zafi, tiyo ne ko maƙata. Man da ke raguwa, ko takalma sun cinye ko akwai yoyo, a nemo dalili kafin a ƙara. Kada a zuba man inji, ko man giya, ko koren man nan na LHM da aka yi domin wasu motocin Citroën, a cikin motar da ba tasa ba, domin yana kumbura robobi ya kashe birki gaba ɗaya. Kada a sayi man birki na awo a buɗaɗɗiyar kwalba, domin ya riga ya sha raɓa tun a kan tebur. Araha ba ta ado. Kuɗin sake man duka bai kai na cika tanki sau ɗaya ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a, nahiyarmu ce ta fi kowace asara. Don haka muna kira ga hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER, da masu binciken lafiyar motoci, da jandarmomin kan hanya, da shugabannin tashoshi, su mai da hankali ga birki kamar yadda ake mai da hankali ga takardu, su kuma sa ido a kan man birkin da ake sayarwa a kasuwanninmu. Hanyar Filinge ba filin tsere ba ce. Hanyar makiyayi ce, da mai amalanke, da ƴar tallar nono, waɗanda ba su da wata kariya sai lafiyar birkin wanda ke tafe. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kai kowa gidansa lafiya, amin.